Bitirut da Lambun Baffa Ridwan

Dutsin-Ma, 6 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanena Abdullatif,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyalinka da mahaifiyarka Inna Batula da mutanen Kurfi baki ɗaya. Na zaɓi takarda don maganar ta fi ƙarfin waya.

Kwana uku ke nan Baba yana fitsari ja wur. Ya ƙi asibiti, ya ce haka ciwon ƙaninsa, mahaifinka marigayi Baffa Ridwan, ya fara. Jiya bayan la'asar ya tara mu, 'ya'yansa, ya kira liman. Na zaci wasiyya ce. Sai ya faɗa da bakinsa cewa lambun bakin dam ɗin Zobe ba nasa ba ne, na mahaifinka ne. Ya riƙe shi tun kana goye, ya yi shiru shekara ashirin da shida.

Lambun da ya ciyar da mu, ya kai ni jami'a, naka ne da Inna.

Yayanka,
Kamilu

Dutsin-Ma, 11 ga Fabrairu

Ƙanena Abdullatif,

Ina gaishe ka, da fatan Inna ta kwantar da hankalinta.

Ba jini ba ne. Da ƙyar muka kai Baba gwaji, aka ce lafiyarsa ƙalau. Bana na shuka wani kayan lambu, bitirut, da irin da na samo daga Jos. Saiwarsa dunƙulalliya ce, ja har ciki, ana cin ganyensa kamar alayyahu. Ba mu da sunansa da Hausa. Daga Turanci muka aro, su kuma daga Latin, inda ake kiransa beta. Duk wannan na karanta, amma ban kula da cewa yana rina fitsarin wasu ba. Matata Mas'uda ce take markaɗa masa da citta kullum, shi kuwa yana sha a matsayin zoɓo.

Da labari ya iso gida, yayyena suka shiga ɗakinsa, suka ce ya janye maganar lambun, ya ce firgicin ciwo ne. Wai liman ma ba zai musa ba. Ina jin kunyar gaya maka cewa na tsaya a bakin ƙofa ban hana su ba.

Yau da safe Baba ya sa na ɗauke shi a babur, muka biya wa mai unguwa. Ya taka iyakar lambun da ƙafarsa, kusurwa huɗu, ya damƙa shi a gaban shaidu da sunanka.

Ya ce ba zai iya haɗa ido da Inna ba tukuna. Abu ɗaya ya ce in roƙa masa: albasar da ya dasa saura mako uku ta nuna. Ka yarda ya shiga ya cire?

Ka gaida kowa.

Yayanka,
Kamilu