Katakon jirgin Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa aiki albarka. Mu ma nan kalau, ƙafar Mama ta yi sauƙi, ni kuma mun gama jarrabawa. Na rubuto ne maimakon waya, domin wayar Mama nake ara, kuma ka san bakina ba ya buɗuwa a gaban mutane.

Ka tuna tsohon jirgin ruwan da Baba ya saya bayan ya yi ritaya, wanda ya rantse da hannunsa zai gyara ya riƙa fita kamun kifi? Yana nan kife a bayan gida. Mama ta ce ba ta taɓa ganin akurkin kaji mai tsada irinsa ba. Ni Baba ya ba littafin tsari, ina rubuta kwalta, fenti, ƙusoshi da abin da kowanne zai ci. Katako kaɗai ya kwashe rabin kuɗin da ka aiko.

Yaya, hankalina bai kwanta da mai katakon nan ba. Kullum yana gidanmu yana kiran Baba injiniya, yana cewa kawo kafinta ɓarnar kuɗi ce. Ya ce katakonsa ya shekara biyu yana bushewa, amma da na ɗaga guda na ji nauyi, garin zarton kuma yana dunƙulewa a hannu. Sai na auna faɗin alluna uku da rular makaranta. Bayan mako biyu kowanne ya tsuke da kusan rabin santimita. Ɗanye ne. In aka buga shi haka, zai ci gaba da tsukewa, tsakanin allunan ya buɗe, kuma Baba bai iya iyo sosai ba.

Na gwada faɗa masa, amma mai katako na wurin. Ya yi dariya ya ce ashe yanzu har sassaƙar jirgi ake koya wa ’yan mata a aji. Baba ma ya dara, ni kuwa na sunkuyar da kai na koma ɗaki.

Ga abin da na yi, ka yafe mini. Na ɓoye kwalin ƙusoshin a ƙarƙashin gadona. Kwana huɗu Baba yana nema, jiya ya tambaye ni na ce ban gani ba. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai jiya. Ya ce ranar Asabar zai sayo wasu. Don Allah ka kira shi kafin nan, ka ce ya kawo kafinta ya duba. Maganarka yana ji. Da zarar kun yi magana zan kai masa kwalin da hannuna, in faɗi gaskiya, ko me zai ce.

Ka gaishe da Anti da ’yan biyu. Mama da Goggo suna gaishe ku.

Taka ƙanwa,
Auta