Sai Kowa Ya Ci

Greensboro, 4 ga Maris

Zuwa ga Baba Justin,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da Mama Abigel. Na san ƙarar injin jirgin ruwa ta cinye maka kunne, shi ya sa na rubuto ta wayar jikanka.

Babanmu ya daina cin abinci. Tun da mantuwa ta kama shi, gidanmu na Glenwood ya zama jirginsa, gani yake har yanzu kuna gaɓar Monrovia ana yaƙi. In na kai tuwo sai ya ture, ya ce, "Mutanena sun ci?" In ce sun ci, ya harare ni. Mutumin da ya yi ritaya yana Riya Admiral, babban hafsan sojan ruwa, yau wandonsa sai da igiya! Likita ta ce in aka kai mako a haka, tiyo za a zura masa ta hanci. Wallahi tsoro nake ji. Kai ka yi aiki a ƙarƙashinsa, yaya zan yi?

'Yarka,
Khairiyya

Kafanchan, 5 ga Maris

'Yata Khairiyya,

Ina gaishe ki, sannu da ɗawainiya. Kin sa tsoho kuka.

Oga ba ƙin abinci yake ba, bakin aiki yake. Da muka kwaso 'yan gudun hijira, jirgi ya cika maƙil, shinkafa ta yi kaɗan. Ya kafa doka: ba ya kai loma sai na zagaya, na dawo na ƙame, na sara masa, na ce, "Kowa ya ci, yallaɓai." Ke a idonsa fasinja ce, fasinja kuwa ba ya ba kyaftin rahoto. Nemo wani ya sa fararen kaya irin namu na sojan ruwa. Ya zo da yunwarsa, don Oga zai ce, "Kai fa?" Kada ya kuskura ya yi masa ƙarya, ganewa yake.

Allah ya ba shi sauƙi.

Babanki,
Justin

Greensboro, 7 ga Maris

Baba Justin,

Ina gaisuwa. Maƙwabcinmu Moutari, ɗan Nijar mai aikin sito a Wendover, wanda ko kwalekwale bai taɓa hawa ba, shi ya ƙame. Sarawar ma a karkace, sai da Baba ya gyara masa hannu. Ya saurari rahoto, ya ce, "Kai fa?" Moutari ya ce bai ci ba. Baba ya raba tuwon biyu, ya cinye nasa tas.

Da Moutari zai fita, Baba ya riƙe hannunsa, ya ce, "Justin, ka rame. Gobe ka zo da wuri."

Moutari ya ce, "To, yallaɓai." Har ya roƙi a mayar da shi aikin yamma a sito, don ya riƙa zuwa da wuri.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Khairiyya