Dillali ya sa wa irin gerona kwaɗo, ga damina ta kawo kai

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Admin, Allah ya saka miki da alheri, ki ɓoye lambar da anka turo wannan da ita. Don Allah ku ba ni shawara, ni tsohuwa ce kuma na gaji da zirga-zirga.

Ranar da abin ya faru mu huɗu ne a tsakar gidan, in an cire jinjira. Da ni, da matar ɗana, zan ce da ita Habsu ko da ba sunanta ba ne, da Malam Idi maƙwabcinmu wanda ya tsaya mini shaida ranar da na kama haya, sai dillalin gidan, shi kuma mu ce da shi Sale. Babu wani bayan waɗannan, na lissafa su ne don kar gobe wani ya ce yana wurin.

Ni mutuniyar ƙauye ce a ƙasar Tabotaki, ban taɓa zama aji ba, maigidana ya rasu shekara shida ke nan. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunanshi, yana Aljeriya wajen nema. Ya tahi ya bar Habsu da ciki, kuma cikin nan shi ne na uku, biyun farko ba su zo da rai ba. Unguwarzomar asibitinmu ta ce mini wanga karo kar mu yi nisa da babban asibiti. Shi ya sa da anka gama girbi na liƙe rumbu, na ɗauko yarinyar munka taho Madawa.

Akwai abin da ban bari a rumbun ba, shi ne iri. Kowace shekara kafin masu yanka su shiga gona, ni ke fara shiga, in bi layi layi in zaɓi zangarniyar da ta fi cika, in ɗaure ta daban. Haka na iske uwar mijina tana yi, ita ma haka ta iske. Geron nan ya san gonarmu mai duwatsu, ko ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyar yana jira. Wata shekara na yi tahiya, 'ya'yan ƙanen mijina sunka sussuke mini rabinshi sunka yi furar suna, tun daga nan ba na barin shi hannun kowa. Dami uku na ɗora saman mota, da tulun wake da na cuɗa da toka. A tasha har dariya anka yi mini, wai tsohuwa za ta yi noma bisa kwalta.

A bakin tashar nan anka haɗa ni da Sale, yana da rumfa da benci da tarin makullai a igiya. Ya kai mu wani gida mai ɗaki biyu, babba na kwana da ƙarami na ajiya, ya ce mai gidan yana Abijan, komai a hannunshi yake. A gaban Malam Idi na faɗa mishi da bakina, na ce ni zaman rani na zo, ranar da hadari ya fara haɗuwa a gabas gida zan koma. Ya ce, "Inna, ba komai, Allah ya kai mu da rai." Malam ya shafa fatiha. Mu a wajenmu in an shafa fatiha bisa magana to an gama, babu abin da ya rage.

Sai ya zaro takarda da faransanci, ya ce kontira ce, wato yarjejeniyar haya, ta mai gida ce kawai don ya san an shiga. To ga inda laifina yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Habsu ta yi lakwal, karatun boko, har kwaleji, ta miƙo hannu a hankali ta ce, "Inna, bari in duba." Na harare ta. Na ce yarinyar da ba ta cika shekara huɗu a gidanmu ba ba ta sa baki inda manya ke magana, in ta kuma sai mijinta ya ji. Gaskiyar ita ce ban so a gani gaban maza cewa yarinyar da na riƙo hannunta tana ganin abin da ni ba na gani. Na dangwala yatsa, na naɗe tawa takardar na sa ƙasan kwalla, ƙarƙashin zannuwa. Na ba da kosiyo na wata biyu, kuɗin ajiyar nan da ake riƙewa har ranar fita.

Allah ya taimake mu, Habsu ta sauka lafiya, ɗiya mace, tana nan tana shan nono. Wata bakwai munka yi a gidan, ban taɓa barin Sale ya zo tambayar haya ba, ni ke kai mishi har rumfa. Ban fasa mishi ko tulu ba, tsakar gidan ma da na iske da shara har gwiwa ni na gyara shi.

Kwana goma da sunka wuce anka kira ni daga gida, anka ce iska ta juya, wasu har sun fara binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa. Na je na ce da Sale lokaci ya yi, ranar kasuwa mai zuwa za mu tashi, ya zo ya duba gidanshi ya karɓi makulli. Mutumin da wata bakwai yake ce mini Inna, ranar sai ga shi yana ce mini Madam. Ya ce takarda shekara ta ce, saura wata biyar, ko in zauna ko in biya. Na tuna mishi fatiha, ya ce fatiha ta neman albarka ce, takarda ita ake kai wa hukuma. Ya ce shi ya riga ya shaida wa mai gida an kama na shekara, la'adarshi ma ta shekara ya cire ya ci, in na fita yanzu daga aljihunshi za ta fito, shi ma yana da iyali. Sau uku ina komawa rumfar nan bisa kabu-kabu, da ciwon gwiwata. Yau ya ce yana jiran wayar Abijan, gobe ya ce wayar ba ta shiga, jibi in iske benci babu kowa.

Ni ba na karatu amma ina da ido. A cikin kwanakin nan na gan shi ta kafar ƙofa ya zo da wani mutum mai warin albasa, irin masu loda manyan motoci, suna auna katangar gidan da taku daga waje. Mutumin har ya tambayi mai kai mana ruwa ko rufin yana zuba. Ke nan yana da wanda zai shiga, so yake ya ci nawa ya ci na wancan.

Shekaranjiya munka kai jinjira awo da rigakafi. Munka dawo kafin azahar, na iske kwaɗo sabo fil a ƙofar ƙaramin ɗaki, bisa nawa. Irina duka yana ciki, rataye. Na aika anka kira Malam Idi, shi kuma ya kira Sale a waya, ya zo yana kaɗa makullai. Ya ce shi bai hana mu kwana ba, ga ɗakinmu a buɗe, amma ya ga ina ɗaure kaya, ya san mutanen ƙauye, da asuba za a nemi mutum a rasa. Ya ce abin da ke ciki jingina ne har mu daidaita. Na ce mishi abin da ke ciki ba kayan sayarwa ba ne, in ya kai shi kasuwa ko hayar wata ɗaya ba zai yi ba. Ya ce to tunda haka ne me ya dame ni, in sayi wani a kasuwa mana, gero ai gero ne. Wagga magana ita ta fi ƙona mini rai, mutumin da bai taɓa duƙawa a gona ba.

Ban san sanda na ɗauki taɓarya ba. Malam Idi ya sha gabana ya tsaya a bakin ƙofar, dattijo da shi, ya ce in dubi girman Allah in ajiye. Ya ce shi ya ji abin da na faɗa ranar farko da kunnenshi, kuma zai faɗa ko'ina, amma kuma ya ga sanda na dangwala yatsa da idonshi, wannan ma ba zai iya musu ba. Ya ce in na fasa kwaɗon, Sale komisariya zai nufa wajen 'yan sanda, can kuma ba wanda zai tambayi fatiha. Sale ya ce ya ba ni kwana uku in yi tunani, ya hau babur ɗinshi ya tahi. Duk wannan abin Habsu tana tsaye bakin ɗaki da jinjira a kafaɗa, kanta a ƙasa. Na lura bakinta ya motsa sau biyu kamar za ta yi magana. Ban tambaye ta ba.

Na wuni zaune bisa turmi ina kallon ƙofar. Na sa anka kira mini yaron nan a Aljeriya, ya ce wanga wata babu aiki, in yi haƙuri in bar irin, zai aiko a sayi wani in ya samu. Shi ma bai gane ba. Kuma abin da ban faɗa wa Sale ba, rufin ƙaramin ɗakin yana zuba, tun ranar da munka shiga na ga sawun ruwa a bango, daidai inda na rataye damin don nan ne kawai ƙusa take. Ruwan farko da zai sa mutanen garinmu su fita shuka, shi ne zai jiƙa irina a ɗakin da ba ni da makullinshi.

Washegari, jiya ke nan, da na idar da sallar asuba na buɗe kwalla na ciro takardar. Na daɗe riƙe da ita. Sannan na je inda Habsu take zaune tana ba da nono, na miƙa mata na ce, "Karanta mini."

Ba ta karɓa ba. Ta ce, "Inna, na san abin da ke ciki. Tun satin da munka zo na karanta, ranar da kika aike ni ɗauko zane."

Ta faɗa mini ita daga sama har ƙasa ba tare da ta duba ba. Gaskiya ne an rubuta shekara. Amma a ƙasa akwai wurin da ya ce ɗan haya yana iya fita kafin lokaci in ya sanar a rubuce wata ɗaya kafin ranar, abin da suke kira preyabi, a duba gida a mayar mishi da kosiyo. Babu maganar biyan watannin da sunka rage, babu maganar kulle kayan kowa. Wannan wurin Sale bai taɓa ambata ba a duk zuwan da na yi. Da mun rubuta 'yar takardar nan tun watan jiya, da yanzu ina gonata.

Na ce me ya hana ta faɗa mini. Ta ce, "Ke kika ce in na kuma sai mijina ya ji." Ta ce ranar da na fara maganar komawa gida ta ɗauko zancen, na ce wa ya tambaye ta. Na tuna, haka anka yi.

Ban ba ta haƙuri ba, ban saba ba. Na karɓi jinjirar daga hannunta na goya, na ce ta nemo alƙalami. Ta rubuta takardar sanarwar kashi biyu, Malam Idi ya sa hannu, ya kai wa Sale ɗaya. Sale ya karɓa ya ce to, a ƙirga wata ɗaya daga yau, kwaɗo kuma sai ranar fita.

Wata ɗaya ya yi mini yawa, jama'a. Jiya da la'asar an yi walƙiya a gabas. Shin in ɗauki kontirar nan in tahi komisariya da kaina, ni da ban taɓa taka wurin ba, in ja Malam Idi da tsufanshi zuwa shaida? Masu sani a cikinku, dillali yana da ikon kulle kayan ɗan haya alhali babu hayar da yake bi? Ko in ce ya riƙe kosiyon duka ya buɗe mini ƙofa in tahi, ko da na san zalunci ne kuma gumin ɗana ne? Habsu ta ce mu nemi lambar mai gidan a wajen danginshi, don tana zaton bai ma san abin da ake yi da sunanshi ba, amma ban san kwana nawa wannan zai ci ba. Taɓaryar ma tana nan inda na ajiye ta, ba zan yi muku ƙarya ba.

Habsu ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa. Da munka zo wurin da na harare ta gaban maza ta ce a tsallake, na ce ta rubuta shi yadda ya faru. Ta karanta mini duka daga farko, na saurara har ƙarshe ban katse ta ba. Abin da kunka ce ita za ta karanta mini, don Allah ku yi sauri kafin ruwa ya sauka.