Ni Na Taɓa Kwamfutar, Amininsa Ke Shan Zagi

Malam mai wannan fili, don Allah ka taimake ni da shawara, kunya ta hana ni sakat.

Ina koyar da kwamfuta a wata makaranta, shi ya sa a dangin matata Injiniya suke kirana, ni kuma sunan na yi mini daɗi. Yayan matata, wanda ni ma Yaya nake ce masa, mai zanen gidaje ne. Yana da wata babbar kwamfuta ta kan tebur a ofishinsa, wadda amininsa tun na yarinta, Dogo, ya haɗa masa da hannunsa. Kwanakin baya Yaya ya kira ni in haɗa masa firinta, ya bar ni a ofis ya tafi duba wani gini. Na gama da wuri. Maimakon in kama gabana, sai karambani ya ɗebe ni. Na tuna yana ƙorafin tana jan jiki wajen fitar da zane, na shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin kwamfuta ta gama tashi. Na ƙara wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, gudu, na ga ta ƙi tashi, na ɗaga ƙarfin wutar da ke shiga cikinsa sosai, ta tashi garau. Ban gwada ta da aiki mai nauyi ba, ban duba zafi ba.

Abin da ya fi ba ni kunya, da gangan na yi shiru. So nake ya ga gudun da kansa, ya yaba a gaban mutane, sannan in yi murmushi in ce ai aikina ne. Garin neman ƙiba na samo rama. Yanzu fankar cikinta na ruri kamar injin niƙa, gefen akwatin ya yi zafi, kuma da ya saka babban zane sai ta daskare. Har wani aiki ya salwanta masa, mai gidan da yake zana wa ya yi fushi.

Yaya ya ɗora laifin duka a kan Dogo, wai ragowar kaya ya ƙaƙaba masa. Ya daina ɗaga wayarsa. Da muka je gaishe da Yaya ni da matata, ya zauna yana ta faɗa, ya juyo ya tambaye ni a matsayina na masani ko ba haka ba ne. Malam, gyaɗa kai na yi. Matata har da taya shi, ni kuwa ina kallon tabarma. Yanzu ya ce ƙarshen makon nan zai kai wa Dogo ita shagonsa ya dire a gaban kowa. Shin in lallaɓa in mayar da saitin yadda yake ba tare da kowa ya sani ba? Wallahi ban san da wane ido zan kalle shi ba.

Mai Cizon Yatsa

Ɗan'uwa Mai Cizon Yatsa,

Niyyarka ba ta mugunta ba ce, kuma wanda kunya ke damunsa, da sauran alheri a tare da shi. Amma kayan sana'ar mutum ba wurin gwaji ba ne, kuma gyaɗa kan nan ya fi taɓa kwamfutar muni.

Gyaran mai sauƙi ne. Ku kashe ta ku sake kunnawa, ka shiga BIOS ka zaɓi mayar da komai kan saitin kamfani. Idan ta ƙi shiga, cire ta daga wuta, ka zare ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan babban allon da ke cikin akwatin, ka ɗan jira, ka mayar. Sannan a ba ta aiki mai nauyi ana duba zafinta. Da wuya a ce ta lalace, amma a daina aiki da ita haka. Nan gaba in za ka ƙara gudu, yi a kan taka: kaɗan-kaɗan, kana gwadawa na sa'o'i bayan kowane ƙari, da abin sanyayawa mai kyau. Wuta ita ke kawo zafi, ita ke cin furosesa, ba a ɗaga ta da ka.

Batun lallaɓawa kuwa, a'a. Kwamfuta za ta warke, amma Yaya zai ci gaba da ganin amininsa a matsayin macuci. Fara gaya wa matarka, kada ta ji a bakin wani. Ka je wurin Yaya kafin ƙarshen mako, ku biyu kawai, ka faɗa a jimla ɗaya ba kwana-kwana, ka yi gyaran yana kallo. Zai yi faɗa, ka sunkuyar da kai ka sha, haƙƙinsa ne. Daga nan ka roƙe shi ku tafi shagon Dogo tare, hannu ba kwamfuta, ka nemi afuwarsa da bakinka.

Taka kunyar ta yini ɗaya ce. In ka bari Yaya ya wulaƙanta amininsa a bainar jama'a, ranar da gaskiya ta fito shi ne zai kasa ɗaga kai, kuma kai ka jawo masa. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya daidaita tsakaninku.