Ruwan Batir ɗin Yahanasu

Litinin, 6 ga Afrilu, 1964

Batir ɗin babur ya mutu. Na danna ham a kasuwar Kurfi don wani jaki ya ba ni hanya, ko tari bai yi ba. Babur dai yana tashi in na taka shi, fitila da ham ne babu. Oho. Wa zan yi wa ham ɗin ma?

Alhamis, 9 ga Afrilu

Na kai wa Rabe bakanike a Dutsin-Ma. Ya buɗe batir ya leƙa, ya ce ya bushe ƙayau, irinsa da ma shekara biyu zuwa uku yake yi, amma wannan ƙishirwa ce ta kashe shi. Ya tambaye ni yaushe rabon da in zuba mashi ruwa.

Ni ban taɓa zuba mashi ba. Matata Yahanasu ce ke zubawa. Tun ranar da ta ji an ce ruwan rijiya na ɓata batir, duk damina sai ta ajiye tasa tsakar gida ta tari ruwan sama, ta tace a kwalba. Kowace Juma'a ta ɗiga mashi, tana mani tsiya wai malamin gona guda bai san shayar da dokinsa ba. Wata shida ke nan da rasuwarta. Wata shida batir yana jiranta, ni kuma ina hawa kamar sakarai.

Asabar, 18 ga Afrilu

Wata sabuwa. Tanki yana yoyo daga gefen murfi. Rabe ya ɗaga rigar fatar da ke rufe da shi, ya ga takardar. Ya ce sai an yi walda, wuta kuwa ba za ta bar takarda ba, in ban cire ba fetur ma zai cinye ta. Har ya ɗauko wuƙa zai kankare. Na riƙe mashi hannu da ƙarfin da ban yi niyya ba.

Ranar da na sayi babur Yahanasu ta rubuta ta. Addu'ar hawa ce, da alƙalamin kara da tawadar makarantar mahaifinta, ta manne da ƙaro. Can ƙasa da ajami ƙanana ta ƙara nata: “Malam, a dawo da wuri.” Ba ni da wani rubutun hannunta duk duniya sai wannan. Allonta ma an wanke.

Alhamis, 23 ga Afrilu

Babbar Sallah. Mahaifiyata Inno ta yi tuwo. Ban fita ba.

Laraba, 29 ga Afrilu

Ɗiyata Luba ta tambayi Inno, wai me ya sa baba ya daina kiranta. Da ma in na shawo kwanar gida sau biyu nake danna ham, uwarta ta buɗe kyauren zaure, ita ta sheƙo da gudu. Tun kafin batir ya mutu na daina. Inno ta gaya mani tana tsince wake, ba ta dube ni ba. Ta ce, “Yarinyar nan uwa ta rasa, kai kana nan da ranka.”

Na ji haushi. Haushin kuwa don gaskiya ce.

Asabar, 2 ga Mayu

Na gwada da farce, gefen takarda ya yage. Na gwada man gyaɗa kamar yadda Rabe ya ce, don kar fenti ya ɓaci, ƙaro bai ko motsa ba, sai tabo. Sai na tuna ƙaro ruwa yake ji. Na je bayan randa na ɗauko kwalbarta, saura kamar rabin kofi. Na ce ruwanta ne, shi zai saki takardarta.

Na jiƙa tsumma na ɗora. Kaico, ni Sabi'u. Ɗan makarantar allo ma ya san da ƙaro ake haɗa tawada. Abin da ya saki takardar shi ya saki rubutun. Ina kallo baƙaƙen suka narke, suna gangara gefen tanki. Allah Ya sa na tara ƙoƙo, don kar aya ta zuba ƙasa. Takardar ta fita salin alin, fara fat, sai inuwar baƙi.

Na zauna nan gindin darbejiya na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Da hannuna na wanke rubutunta.

Lahadi, 3 ga Mayu

Na juye ruwan a kwalbar na tafi Rawayau wajen surukina, Malam Ilu. Na ɗauka zai yi faɗa. Ya ɗaga kwalbar ya daɗe yana dubawa, ya ce hannun ɗiyarsa da nauyin tawada yake tun tana ƙarama, kullum yana yi mata magana. Sannan ya ce, “Ɗana, rubutu ai ba ɓacewa ya yi ba, wanke shi ka yi. Ku sha kai da yarinyar.”

Mun sha bayan la'asar. Ɗaci-ɗaci, da warin fetur kaɗan, don haka Luba laɓɓa kawai na shafa mata. Ta yamutsa fuska, ta ce rubutun wa. Na ce na innarki.

Talata, 12 ga Mayu

An yi walda. Inda takardar take fenti ya fito ja wur kamar ranar da aka saya, sauran duk ya koɗe. Rabe ya ce bari ya bi da fenti ya daidaita. Na ce ya bar shi haka. Ya sa sabon batir, ya ce in taimaka in riƙa shayar da wannan.

Talata, 26 ga Mayu

Ruwan farko ya sauka da hantsi ina gonar gwaji a Kutawa. Na tuna ban bar sallahun a tara mani ruwan batir ba, raina ya ɓaci duk hanya.

Da na shawo kwanar gida yatsana ya taɓa ham. Kuskure ne, hanya da santsi. Sau biyu dai.

Luba ta fito da gudu, ƙafa duk taɓo. Tasar na tsakar gida cike. Inno ta ce ba ita ta ajiye ba.