Hannun Baba a jikin kofi

Auta,

Na fita kina barci. Kofin da gidan tarihi suka raba jiya yana kan firji, mai tsohon hoton sarki a rumfar masassaƙa. Na yi wa kakarki alkawarin za ta ga fuskar mijinta a jiki. To, babu fuskar. Daidai inda Baba yake tsaye suka manna mariƙin kofin. Sarki ya fito har zobensa, Baba kuwa sai hannu riƙe da gizago. Na yi magana har na gaji, suka ce ai don sarki aka buga.

Ni ba zan iya kai mata ba. Ki kai bayan ta karya, ki sa mata tabarau. Kada ki ce komai. Guntulallen yatsan nan na Baba ya fito a hoton, za ta gane shi.

Babanki