Baba Ba Ya Karɓar Aiki Sai Ya Auna Ƙofa

Zuwa ga ƙanena, Autanmu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da mai ɗakinka da 'yar takwarata. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya sa albarka a neman da ya kai ku nesa da mu. Mu nan lafiya lau, sai kewarku. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene tana yi wa kowa faɗa, ka ga kuwa lafiya ta samu. Matar Yaya Babba ta sauka lafiya, an samu mace, kamarta ɗaya da Baba har hancin. Yarana sun koma makaranta, ni kuma ina nan a teburina na bakin shago, garin katako na cika min mayafi kamar yadda ka bar ni.

Ranar da ka kira ni hankalinka a tashe kana tambayar ko da gaske Baba ne ya turo maka saƙo a taimaka masa, na ce maka kada ka tura komai, na kashe waya, domin a lokacin shagon a cike yake. Na san na bar ka cikin zulumi, shi ya sa na zauna in ba ka labarin tiryan-tiryan, yanzu da komai ya lafa.

Ka san halin Baba da wayarsa. Tana nan kan benci, duk wanda ya shigo ya ce katinsa ya ƙare ko cajinsa ya mutu, sai ya nuna masa ita da haɓa ya ci gaba da goge katako. To, wani mutum ya zo, tsaf da shi, da turare da agogo, ya yi ta shafa kujeru yana yaba aiki, har Baba ya fara washe baki. Can ya ce wayarsa ta mutu, a ara masa ya kira matarsa ta zaɓi kala. Ashe ba matar da ya kira. Lambobin sirrin da ake turowa in za a mayar da manhajar saƙonni kan wata waya, su ya tsaya ya karɓa, ya goge, ya yi godiya ya tafi. Washegari manhajar ta rufe a wayar Baba. Da na nuna masa, cewa ya yi madalla, ya huta da ƙarar saƙo.

Shi kuwa mutumin ya zama Baba. Hoton Baba, lambar Baba, hotunan gadaje da kabad ɗin da muka yi duk suna hannunsa, ga sunayen masu sayen kayanmu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa an yi ragi, a tura kafin alƙalami ta wani sabon asusu, aiki zai fito da wuri. Mu muna zaune ba mu san wainar da ake toyawa ba, sai ga Malama mai makarantar yara, wadda muke yi wa bencuna, ta shigo ko mayafinta ba ta gyara ba. Ta ce ta zo ne ta ga Baba da idonta, domin ɗayan biyu ne, ko dai ba shi da lafiya, ko kuma ba shi ne ke mata magana ba. Ta ce har ta ɗauko waya za ta tura, sai ta tambaya yaushe zai zo awo, aka ce mata ba sai ya zo ba, ta auna da kanta ta turo. Nan ta ajiye wayar. Ta ce Baban da ta sani, ko kujerar tsuguno ce sai ya zo da tef ɗinsa ya auna ƙofar da za ta shiga.

Kai ma ka san wannan ɗabi'ar, mun sha yi masa tsiya a kanta. Sau nawa muka ce ya daina wahalar da kansa, zamani ya canja, kowa yana turo awo ta waya? Sai ga shi abin da muke dariya a kai shi ya tsare mana mutane. Na zauna na kira tsofaffin abokan cinikinmu, kusan kowa amsarsa ɗaya, sun ga saƙon, amma da aka ce ba sai an zo awo ba suka san da lauje cikin naɗi.

Mutum ɗaya abin ya faɗa wa, wani mai aski da ya buɗe shago a bayan layinmu. Bai taɓa aiki da mu ba, lambarmu kawai aka ba shi ya taɓa tambayar farashin kantar jera kaya, don haka bai san Baba da tef ba. Ya tura kuɗi, ya jira, shiru. Sai ya zo ƙofar shago da rana tsaka, mutane na wucewa, ya kira Baba ɓarawo. Auta, ban taɓa jin zafin kalma irin wannan ba. Mutumin da ya kafa sunansa tun kafin a haife ka, a tsaya a gaban almajiransa na sana'a da maƙwabta a kira shi haka. Ni dai na miƙe zan rama, Baba ya ɗaga min hannu. Ranar bai ci abinci ba, kuma ya ce wa Inna shi ba asarar ce ta dame shi ba, yaron nan ya tafi yana ganin shi ne ya cuce shi.

Da safe muka je ofishin kamfanin waya da katin shaidar Baba, aka maido mana da komai, na sa wasu lambobin sirri na biyu da ni da shi kaɗai muka sani. Muka sanar da banki, muka kai rahoto wurin 'yan sanda, har yanzu dai ba a kama kowa ba. Na rubuta da manyan baƙaƙe na manna a ƙofa cewa asusunmu ɗaya ne, ba ya canjawa, kuma ba ma karɓar ko sisi sai Baba ya je ya auna. Inda muka yi ta fama shi ne aron waya. Baba ya rantse ba zai hana mai buƙata kira ba saboda mutum ɗaya. Ƙarshe na sayo wata 'yar ƙaramar waya mai maɓallai, ba komai a cikinta, muka ɗaure ta da igiya a ƙafar benci. Tasa kuwa Inna ta ɗinka mata aljihu mai zif a cikin riga, yana ta mita wai an mayar da shi yaro.

Ranar da muka dawo daga ofishin kamfanin waya, ko zama Baba bai yi ba, ya ɗauki tef ya nufi shagon mai askin. Na bi shi don kada a sake gaya masa magana. Ya yi sallama, bai ce komai game da jiya ba, ya durƙusa ya auna ƙofa, ya auna bango, ya tambayi inda madubi zai zauna. Yaron ya tsaya da almakashi a hannu yana kallonsa. Malama ma da kanta ta je daga baya ta nuna masa saƙon da aka turo mata. Baba da yaron sun daidaita tsakaninsu, an kafa masa kantarsa, ya zo har shago ya ba Baba haƙuri a gaban mutanen da ya zage shi a gabansu. Yanzu shi ke yi wa Baba aski, kuma duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya ji labarin tef. Wallahi raina fari ƙal, na ga Baba ya koma yin waƙarsa yana aiki.

Saura kai. Duk ranar da saƙo ya zo maka da sunan ɗayanmu ana neman wani abu, kira ka ji murya, kuma ka tambayi abin da ya taɓa maƙalewa a ƙofar ɗakin Inna har aka kwana ana tsallake shi. Ba zan rubuta amsar ba, ka san ta, kai ne ka fi kowa kuka ranar.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage shan sanyi. Yaya Babba da mai jego suna gaisuwa, haka maigidana da yara. Ka gaishe min da mai ɗakinka, ka sumbaci takwarata. Batun gadon da ka ce a yi mata kuma, na kai wa Baba awon da ka turo. Ko kallonsa bai yi ba. Ya ce in gaya maka in ka ga wani ya karɓi aikin nan a haka, to ba ubanka ba ne. Katakon dai ya ware shi, yana jingine a bayan shago, ya hana kowa taɓawa. Sai ka turo a ɗauki Baba da tef ɗinsa ya zo ya ga ƙofar da idonsa.

Taka har kullum,
Yayarka ta bakin shago